Kafin ka kashe kuɗi a kan manhaja: da me za ka tsara sin ɗin tsere da artabu?

Da daminar da ta wuce wani ƙanena da ke Unguwar Dosa a Kaduna ya same ni da yamma, littafin rubutu a hammata. Ya ce, "Yaya, na ɗan tara kuɗi, wace manhajar rubutun fim zan saya?" Labarinsa mai sa bugun zuciya ne: wata yarinya ta ga abin da bai kamata ta gani ba a cikin jirgin ƙasa daga Abuja, mutum biyu suka biyo ta tun daga tashar Rigasa har cikin gari. Na ce masa, to madalla, da ta sauko, ta wace ƙofa ta fita? Masu bin ta a ƙasa suke ko a mota? Taku nawa ne tsakaninsu lokacin da ta tsayar da Keke Napep? Ya buɗe littafin, ya duba, ya rufe. Abin da ya rubuta layi ɗaya ne: "Suka bi ta da gudu, aka yi ta tsere."

Ban ga laifinsa ba, don ni ma da haka na fara. Amma wannan layin ba ya ɗaukuwa da kyamara. Mai kallo ba zai riƙe numfashi ba sai ya san inda kowa yake tsaye, abin da kowa ke nema, abin da ya tare masa hanya, da ɗan lokacin da ya rage kafin komai ya ɓaci. Manhajar rubutu, komai tsadarta, shafi take gyara maka, ba ta san faɗin lungu ba. Saboda haka a wurina abin da za a fara kashe wa kuɗi shi ne abin da zai nuna maka wuri, rubutu ya biyo baya.

Da asara na koyi wannan. Na taɓa rubuta wani sin (wato fitowa ɗaya a fim) da mota ke bin ɗan babur cikin wani lungu a Tudun Wada, lungun da na sani tun ina yaro, don haka ban ga dalilin komawa in duba ba. Ranar ɗauka muka isa da 'yan wasa da kayan aiki, muka tarar an haƙa lambatu a gefe, an ɗora katako ana tsallakawa. Mota ko hancinta ba ta iya sakawa. Darakta ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu ta ina za ta bi?" Ba ni da amsa. Muka wuni muna sauya labari a tsaye, rana ta faɗi, furodusa ya biya abinci da kuɗin mota na ranar da ba a ɗauki komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sha ji, amma ranar na gane.

Abu mafi araha, kuma wanda har yau na fi dogara da shi, shi ne farin kwali da ƙananan katuna da alƙalamin maka. Duk shagon sayar da kayan makaranta a Kasuwar Sheikh Gumi ko Kawo za ka same su, kuɗinsu bai kai na datar mako ɗaya ba. Ka je wurin da ƙafarka, ka auna da taku, ka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ka dawo ka shimfiɗa kwalin a tabarma ka zana wurin kamar tsuntsu ne ke kallonsa daga sama: ga ƙofa, ga kwana, ga mai shayi, ga inda ruwa ke kwanciya. Marfin kwalba su ne mutane, kwalin ashana shi ne Keke Napep. Sai ka riƙa matsar da su. Nan take za ka ga abin da ba ka gani a cikin kai. Za ka ga ashe in bos ya tsaya a bakin kwana babu yadda za a yi yarinya ta wuce bai gan ta ba, don haka dole ka samo mata wata dabara, kuma sau da yawa dabarar nan ita ke zama abin da masu kallo za su riƙa ba da labari.

Katunan kuwa, kowanne ɗaya juyi ɗaya. Ina nufin duk lokacin da rinjaye ya tashi daga hannun wannan ya koma hannun wancan: ta samu keke, keken ya maƙale a cunkoso, ta sauka, takalminta ya tsinke, ta ɓuya, wayarta ta yi ƙara. In ka jera su a ƙasa ka ga kati uku a jere duk gudu ne kawai ba abin da ya sauya, cire biyu. Aibin kwali biyu ne, ba ya turuwa ga darakta da ke Kano ko Jos sai dai a hoto, kuma yara na iya mayar da marafan abin wasa. Amma ba ruwansa da ɗauke wuta, ba ya neman a sabunta masa kuɗi duk wata.

Wanda ya fi kusa da kwali a cikin manhajoji shi ne Shot Designer, na kamfanin Hollywood Camera Work. Yana aiki a wayar Android da iPhone da kwamfuta. Taswirar sama ce ita ma, sai dai a nan kana dasa kyamara, ka ja wa kowane ɗan wasa hanyarsa, ka danna ka ga suna motsi. Na kyauta yana barin ka yi aiki a kan sin ɗaya. In kana son adana da yawa sai ka biya. Babban amfaninsa a tsere shi ne kiyaye abin da masu kyamara ke kira ƙa'idar digiri 180. Wato ka ƙaddara akwai layi tsakanin mai gudu da mai bi, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin. In yarinya tana gudu daga hagu zuwa dama a fuskar talabijin, masu bin ta ma haka za su yi. Da kyamara ta tsallaka layin ba dalili, mai kallo zai ga kamar sun juyo suna tunkarar juna, tsoron da ka gina ya watse. Marubucin da ya fahimci wannan, edita zai yi masa addu'a. Idan wayarka kaɗai gare ka, nan zan ce ka fara. Google Earth ma kyauta ne, yana taimakawa wajen ganin shimfiɗar unguwa, amma hoton na iya zama tsoho, musamman a Kaduna da aka faɗaɗa tituna aka sake gina gadar Kawo da kasuwanni a 'yan shekarun nan. Gani ya kori ji.

Sai zanen hoto-hoto, inda ake zana abin da kyamara za ta gani ɗaya bayan ɗaya. Storyboarder na kamfanin Wonder Unit kyauta ne a kwamfuta, har yana da 'yan mutum-mutumi da za ka jera in hannunka bai iya zane ba. Blender ma kyauta ne tun 2002, kuma zai iya gina maka titi sukutum da motocinsa, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da watanni na koyo. Marubucin da ya faɗa ciki, ina tsoron kada rubutun ya kwana. Ni da zan zaɓa, gara in ɗauki yaro mai hannun zane, irin ɗaliban da ke karanta zane a Zariya ko a Kwalejin Fasaha ta Kaduna, in zauna da shi wuni biyu, in biya shi haƙƙinsa. Zai yi maka tambayar da manhaja ba ta yi: "Yaya, wuƙar a wane hannu take?" Kuma ba duk fim za a zana ba. Hirar falo ba ta buƙata. Sin biyu ko uku masu haɗari su ne suka cancanci kuɗin.

Akwai kuma gwaji da waya, wanda ba a saya sai dai a sayi lemo da ruwa. Ka tara abokai huɗu a fili, ku yi faɗan a hankali kamar masu koyon rawa, ka ɗauka, ka yanka a wayar. A nan za ka san naushin da ka rubuta a layi shida daƙiƙa biyu ne, tsallake katangar da ka rubuta a kalma uku kuwa jarumin ba zai iya ba.

Yanzu ga abin da ƙanena ya zo tambaya. Final Draft ita ce wadda aka fi sani a masana'antar fim ta Amurka, kuɗinta na kaiwa wajen dala 250. Tana da allon jera katuna a cikinta, tana fitar da jerin 'yan wasa da wurare, kuma idan kana sa ran aika aikinka ga kamfanonin waje, tsarin fayil ɗinta suka saba da shi. Sai dai ka lissafa dala 250 a naira, ka tuna ba ta aiki a Android, ka kuma tuna biyan dala da katin naira ba kullum yake wucewa lami lafiya ba. Fade In kuɗinta kusan dala 80 ne, biya ɗaya, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana buɗe fayil ɗin Final Draft tana kuma adanawa a tsarinsa. In dai sai an sayi ta kuɗi, ita nake ba mutane shawara, don abin da marubuci ke buƙata yau da gobe duk tana yi. WriterDuet ta fi dacewa da mutum biyu da ke rubutu tare, ɗaya a Malali ɗaya a Barnawa, kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke bugawa nan take. Ta kyauta tana ba ka damar labari uku, amma ƙarfinta a intanet yake, ka sa kuɗin data a lissafi. Celtx a da kyauta ce, yanzu ta koma biyan wata-wata. Trelby kyauta ce, ba ta da ado, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukar ta. Akwai kuma tsarin Fountain da ya fito a 2012, wanda ba manhaja ba ce, ƙa'idar rubutu ce kawai: ka buga labarinka a kowace manhajar rubutu ta waya, daga baya a mayar da shi shafin fim.

Ko wacce za ka ɗauka, yi mata jarrabawar da masu tallarta ba za su tuna da ita ba. Buga "ɓarawo ya ƙetare ɗaki", ka mayar da shi PDF, ka buga a takarda. Na taɓa raba wa 'yan wasa takardu daga wata manhaja, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito. Wata 'yar wasa ta tsaya tana tambaya ko "kofa" ake nufi ko wani abu dabam. Yawanci matsalar daga salon harafin take, wani yana da haruffanmu masu lanƙwasa, wani babu. Ka gwada kafin ka biya, ka kuma tabbatar an saita takarda a A4, wadda muke bugawa da ita a nan.

Dalilin da ya sa ake damuwa da tsarin shafi shi ne lissafin lokaci: da harafin Courier mai girma 12, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim. A sin ɗin tsere wannan lissafin yana riƙuwa ne kawai idan ka karya rubutun gajere-gajere, kowane layi abin da ido zai gani sau ɗaya. Misali:

Ta kutsa tsakanin dilolin gwanjo.
Ta waiga. Mai jar hula ya tsaya, yana rarraba ido.
Ta durƙusa bayan teburin mai guga.
Wayarta ta fara ƙara.

Layi huɗu, amma darakta ya san inda zai ajiye kyamara sau huɗu, ba tare da ka koya masa aikinsa ba.

Abu na ƙarshe da ke cin kuɗi, kuma ba na wasa da shi, shi ne makami da izini. Bindigar roba ko ta katako za ka nema, ko ka kai hoto wurin masu ƙira a tsohuwar Panteka su yi maka siffarta wadda ba ta harbi. Wuta da ƙara edita ya sa su daga baya. A watan Oktoba 2021, a jihar New Mexico ta Amurka, harsashin gaske ya fita daga bindigar da ake ɗaukar fim da ita ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, a wurin da ke da kuɗi da ma'aikatan kula da makamai. Balle mu. A gari irin namu kuma, mutum ya ga samari da bindiga suna bin yarinya da gudu, ba zai tsaya neman kyamara ba. Ka rubuta wa 'yan sandan yankin takarda, ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani, in za a taɓa titi ka nemi KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna. Tun a kan kwali za ka san ko sin ɗin na buƙatar tare hanya, ko za a iya mayar da shi cikin gareji ko gidan da ba a gama ginawa ba, inda ku ke da iko da ƙofa. Ka duba lokaci ma: hazon hunturu na cinye nesa, hadarin Agusta na iya tashi tsakanin azahar da la'asar.

Ƙanena dai bai sayi komai da dala ba. Ya saukar da Shot Designer a wayarsa, ya sa Trelby a tsohuwar kwamfutar gidansu, ya sayi kwali biyar. Ragowar kuɗin ya kashe su a zirga-zirga zuwa Rigasa, sau uku, yana zaune wurin mai shayi yana ƙirga mintin da fasinjoji ke ɗauka kafin su watse. A zuwa na uku ya bugo mini waya ya ce, "Yaya, ashe ba za ta hau keke ba. Layin masu jira ya yi tsawo, za su cim mata. Cikin ayarin 'yan biki za ta shige, ta ari mayafi." Sin ɗin yanzu shafi uku ne da rabi, kati goma sha ɗaya.