Auduga, lilin ko yadin roba: wanne ya fi sauƙi ga muhalli?

Wata 'yar uwa ta ce za ta shiga Kantin Kwari ta yanko yadin sawa na yau da kullum, tana so ta san wanne ne bai cika ɓata muhalli ba tsakanin auduga, lilin da yadin roba. Malama, ga yadda suke idan aka jera su.

Yadin roba, wato polista, daga man fetur ake yin sa. Yana da araha, ba ya yamutsewa, launinsa ba ya kodewa da wuri. Amma duk wankin da aka yi masa sai ya saki ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, su bi ruwan wanki zuwa kwata da kogi. Idan ya tsufa aka yar, ba ya ruɓewa. Ga shi ba ya shan zufa, shi ya sa a watan Afrilu yake manne wa mutum a jiki.

Lilin daga karan wani tsiro ake samo shi, wanda aka fi nomawa a Faransa da Beljiyam da Holan, galibi da ruwan sama. Yana da sanyi a jiki, yana da ƙarko, kuma yana ruɓewa. Matsalarsa tsada da saurin yamutsewa, sannan da yawa daga abin da ake kira lilin a kasuwa gauraye ne.

Auduga ce ke buƙatar dogon bayani, domin ba kowace auduga ce mai sauƙi ga ƙasa ba. Inda ake nomanta da ban ruwa tana shanye ruwa sosai: karkatar da koguna zuwa gonakin auduga na cikin manyan dalilan da suka ƙafar da tekun Aral a yankin Uzbekistan da Kazakistan. Tana kuma cin maganin feshi. Amma audugar su Funtuwa da Gusau ta damina ce, ruwan sama take sha. Idan aka kaɗa zarenta aka saƙa da hannu, aka rina da baba da toka irin na marinar Ƙofar Mata, to da wuya a samu yadin da ya fi shi sauƙi ga muhalli. A ganinmu, ga mai zama a ƙasa mai zafi, auduga zalla ce kan gaba, lilin na biye idan aljihu zai ɗauka.

Wanda muka fi jan kunne a kai shi ne gauraye, rabi auduga rabi roba. Ba ya ruɓewa duka, raba zarurrukansa don sake sarrafawa kuma aiki ne mai wuya, ga shi zarensa yana dunƙulewa kamar ƙuraje a hammatar riga da gefen aljihu bayan ɗan lokaci.

Kada ki tsaya ga maganar baki. Ki nemi ɗan ƙyalle, ki zaro zare daga tsaye da kuma kwance, domin wani yadin tsayensa roba ne, kwancensa auduga. Ki kusanta shi da ashana a wuri mai tsaro. Auduga da lilin suna ci da wuta kamar takarda, su bar toka mai laushi. Roba tana narkewa, ta yi warin leda, ta dunƙule ta yi tauri. Gauraye kuwa zai bar toka da ɗan dunƙule tare.

Idan kin sayi auduga ko lilin, ki jiƙa ki shanya kafin ki kai wa tela, saboda suna tsukewa a wankin farko. A yadi biyar ki ƙara kwata guda. Mai rinin baba ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi sau biyu ko uku na farko, domin yana zuba, sannan ki juya shi ciki waje ki shanya a inuwa.