Mai jira ko mai tarar numfashi: wace manhajar hira za ka ɗora wa shagonka?

Duk wanda ya saba da Babbar Kasuwar Sakkwato ya san yaran shago iri biyu ne: mai jira sai ka yi magana, da wanda tun daga bakin layi yake "Alhaji, shigo ka gani." Manhajojin hira da ake tallata wa 'yan kasuwa, masu amsa saƙon masu saye a madadinka, su ma haka suke, kuma wannan halin za ka fara dubawa kafin ka tambayi kuɗi.

Idan cinikinka bai wuce mutum goma a rana ba, WhatsApp Business na kyauta ya ishe ka. Yana gaida sabon baƙo, ko wanda ya kwana 14 bai leƙo ba, sannan ya yi shiru. Akwai kuma mai jan akala irin lambobin banki: danna 1, danna 2. Ba ya ɓata hanya, amma ba a taya kaya da shi.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne masu wayo irin ChatGPT, waɗanda ke iya soma magana ba tare da an yi musu ba. Microsoft ta ɗanɗana wannan: Clippy, ɗan mataimakin da ke leƙowa a allon Office 97, ya riƙa yi wa mutane katsalandan har aka daina kunna shi a 2001. Ni a ganina, na'ura ta riga mutum magana ne kawai idan shirunta zai jawo masa asara.

Gwada manhajar a gaban dillalin da ke tallata maka ita. Rubuta mata "a turo min buhu biyar na albasa", ka tsaya. Ta kirki za ta tambaye ka wace tasha, Illela ko Kano, wa zai karɓa. Wadda ta ce "an gama" ba tambaya, ko ta shiga tallar wani kaya, bar masa abinsa. Ka kuma jefa mata Sakkwatanci, "nawa na?", ka ji amsarta.

Soma magana ma da kuɗinsa. A tsarin WhatsApp na kamfanoni, idan awa 24 ta wuce da saƙon mai saye na ƙarshe, sai da rubutun da Meta, mai WhatsApp, ta amince da shi, da yardar mutumin, kuma biya ake. Masu toshe ka suka yi yawa, a taƙaita lambarka. Don haka ka tabbatar kai ne mai sa mata lokaci: ban da tsakar dare, ban da lokacin Juma'a, tunatarwa kuma sau ɗaya, ranar da kaya suka isa tasha.