Hattara da mai "wankin hanta" da ke farautar masu tarin fuka a Yamai

Jama'a, duk mai ɗan uwa da ke shan maganin tarin fuka ya karanta wannan, ya isar masa.

Akwai wani mutum mai farar riga irin ta likitoci, yana yawo kan babur tsakanin Bukoki da Wadata, jakarsa cike da robobin wani ruwa baƙi-baƙi. Ba sunan abin da ke ciki, ba kwanan wata, sai hoton hanta da aka manna. Kawuna ya faɗa hannunsa sati 3 da fara magani. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "Baba, fitsarinku ya koma ja, ko?" Tsoho ya ce ƙwarai kuwa. Sai ya dafe kai yana salati, wai hanta ce ke zubar da jini. Roba ɗaya jika 15, kuma sai an sha 4.

Jan fitsarin nan aikin rifampicine ne, ɗaya daga cikin ƙwayoyin. Har zufa da hawaye yana rinawa, ba jini ba ne. Mutumin ya san duk mai shan maganin zai ce masa e.

Ya dai ɗauko gaskiya ya yi jari da ita. Uku daga cikin ƙwayoyin tarin fukan, isoniazide da rifampicine da pyrazinamide, suna iya taɓa hanta. Amma alamun daban ne: ido ya yi rawaya irin na shawara, amai, ƙin abinci, ciwo a dama ƙarƙashin haƙarƙari. Wanda ya ga haka ya koma likita ranar, a auna masa jini, gwajin hanta da ake kira ALAT da ASAT, likitocin ne za su ce a dakata da maganin ko a canza.

Yana kuma nuna takardun bincike a wayarsa kan zogale da saiwar rawaya. Akwai irin wannan bincike, sai dai galibinsa a kan ɓeraye aka yi, ba a kan dattijo mai haɗiyar magani kala 4 kullum ba. Ban raina itace ba, ni ma na sha rawaya a hannun kakata, amma ita ta san abin da ta tafasa. Wannan robar fa? Akwai tsimin da shi kansa ke lalata hanta.

Abin da ya fi ƙona min rai, cewa ya yi a ajiye ƙwayoyin kwana 10 don wankin "ya zauna". Maganin wata 6 ne, kuma yankewa ke sa cutar ta daina jin magani. Kwana 9 kawu bai sha ba, sai da yayata ta ɗaga tabarmarsa ta tarar da su a ƙulle cikin leda.

Mun mayar da shi likita, mun sha faɗa, an auna jini, hantar lafiya lau. Jika 30 sun tafi, lambar mutumin kuma a kashe take tun ranar Talata.