Gyaran Mota a Jamus da Abin da Ke Ƙarƙashin Beljiyam

Yaya, bayan gaisuwa, ka tambaye ni ko da gaske motar Jamus ba ta lalacewa. Tana lalacewa mana. Abin da ke ba mutum tsoro a nan kuɗin aikin bakanike ne. Ba a ciniki, awa ake ƙirgawa, kuma a manyan garejoji awa ɗaya takan haura Yuro 100, ban da kuɗin kaya. Shi ya sa mai son mota yake koyon gyara da hannunsa.

Akwai garejojin haya: ka biya kuɗin awa, a ba ka injin ɗaga mota da akwatin sifanu, sauran aiki naka ne. Ran Asabar nake zuwa canza baƙin mai ko takalmin birki, kuma can ake musu na gaske. Dattawa masu tsohuwar Marsandi W123, wadda aka daina ƙerawa tun 1986, sai su rufe ƙofa da ƙarfi su ce a saurara, nan ne ƙarfe. Samari kuwa kwamfuta suke jonawa a jikin mota ta faɗa musu ciwonta. Ni dai dattawan nake bi a maganar ƙarko, domin roba ta yi yawa a injin yanzu, zafi na cin ta sai ta tsage. Amma wajen kare mutum a haɗari da rage shan mai, sabuwar ta fi, wannan ba musu.

Abin da ya fi burge ni ɗaurin noti. Kowane noti da ma'auninsa a littafin motar, akwai kuma sifana ta musamman da ke yin ƙas idan ya kai. Ba mai hawa kan sifanar taya da ƙafa. Tsohon baƙin mai ma ba a zubarwa a kwata, shagon da ya sayar maka da sabo dole ya karɓa.

To ga inda nake so ka buɗe kunne, tunda Beljiyam za ka saya. Lokacin sanyi gishiri ake watsawa a titi saboda ƙanƙara, gishirin nan kuwa cin ƙarfe yake ta ƙasa. Duk shekara 2 sai an kai mota binciken da ake kira TÜV, jami'i ya shiga ƙarƙashi da fitila yana ƙwanƙwasawa. In tsatsa ta huda cesis, ba za ta wuce ba. Mai ita ya lissafa kuɗin walda, ya ga bai kai ba, ya sayar wa dillalai, da yawan motocin nan ta tashar jiragen ruwa ta Hambog ko Antwap suke bi zuwa Kwatano. Fenti na sheƙi, ciki ya ruɓe. Don Allah kada ka biya sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta ƙarƙashinta, ka duba bututun birki da mazaunin shokazoba, ka danna da sukudireba.

Sai dai ina kewar makanikanmu ƙwarai. A nan an fi cirewa a sa sabo. Kikstata da mutumin Panteka ko Ƙofar Ruwa zai kwance ya sake naɗa mata waya ta ƙara shekaru, kwandon ƙarafa ake jefa ta. Da masu hannu irin namu za su samu kaya na asali, ba jabu ba, da ba wanda zai kama ƙafarsu.

In ka ga wadda ta kwanta maka, turo min lambar cesis da hotunan ƙarƙashinta ta WhatsApp kafin ka ba da ko sisi. A gaishe da Inna da yara.