Libarbar aljihu da harsashin +P: wacce ta ɗauka, wacce ba ta ɗauka ba

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka, mai lasisin riƙe bindiga, ya tambaya: cikin ƙananan libarbobi marasa nauyi, waɗanne aka amince a zuba musu harsashin .38 Special +P?

Malam, +P na nufin harsashin da aka ƙara wa matsi. A ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da ke tsara ƙa'idojinsu a Amurka, matsin .38 Special na yau da kullum bai wuce psi (ma'aunin matsi) 17,000 ba, na +P kuma yana kai 20,000. Ƙarin ba shi da yawa, amma bindiga mai jikin alminiyam tana jin sa.

Smith & Wesson 642 da 442 na yanzu: harsashi biyar, jikin alminiyam, nauyi wajen giram 410, kuma an buga +P a jikin bututun. Ruger LCR ta fito a 2009, ita ma biyar take ci, ta ɗan fi su sauƙi, giram 383, kuma tun fitowarta +P aka yi ta. Kunamarta ta fi laushi, hannunta na roba ya fi shanye duka. A tsakaninsu ni LCR zan ɗauka, ko da yake 642 ta fi kwanciya a aljihu.

Akwai Smith & Wesson 340PD, mai ɗaukar .357 Magnum wanda ya fi +P ƙarfi, don haka +P ba komai ba ne a wurinta. Sai dai rashin nauyinta ya sa tana dukan tafin hannu ƙwarai. Irin wannan girgiza kan zaro kan harsashin da bai ɗauru sosai ba, ya leƙo gaba ya hana tulun da ake zuba harsasai a ciki juyawa. Gwada harsashinka a filin atisaye tukuna.

Inda nake jin tsoro shi ne tsofaffi, domin sunan bindiga yana ruɗi. Colt Cobra da aka fara a 1950 alminiyam ce, an ƙera ta kafin a san +P. Wadda aka dawo da ita a 2017 ƙarfe ce zalla, an amince mata, amma ta yi wa aljihu nauyi. Tsofaffin Airweight na Smith & Wesson, irin Model 37 da 38, kamar tsohuwar Cobra suke. Ba lallai su fashe ba, jikin ne ke miƙewa a hankali har tulun ya fara lilo.

Duba rubutun bututun da littafin bindigar. In babu +P, ba kamfanin lambar jikinta su faɗa maka. Shi kuwa +P+, wanda ya fi +P matsi, SAAMI ba ta sa masa iyaka ba, kada ka kusance shi da ko ɗaya cikin masu .38 ɗin nan.