Pompon sola na garka: abin da mai albasa a Tawa ya kamata ya sani kafin ya saya

A shagunan kayan sola na cikin garin Tawa, da na Ƙonni da Madawa, ana sayar da pompon ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma masu garka suna ta tambayarsa. Dalili a fili yake. Ƙaramin injin esansi yana shan wajen lita guda a awa, litar kuwa ta kai kusan dala ɗari, ga canjin baƙin mai, ga gyara. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, esansin da ke shigowa ta iyaka ya daina araha, har wasu suka maida injinansu kan kwalbar gas. Hukuncinmu a kan pompon shi ne kaya ne mai kyau, ya cancanci kuɗinsa ga mai kwatar eka zuwa rabin eka (eka a nan hekta ce, murabba'in mita 10,000), matuƙar an zaɓe shi daidai da rijiyar da za a sa shi. Yawancin waɗanda ke kuka da shi sun saya ne bisa lambobin da ke jikin kwali.

Abin da ake ba ka: pompon da ake nutsawa cikin ruwa, akwatin da ke daidaita wuta, panno (faifan da ke maida hasken rana wuta) biyu ko uku, waya, da ƴar na'urar da ke tsayar da pompo idan ruwa ya ƙare. Tiyo, igiya da ƙarafan ɗora panno galibi kai za ka nema. Babu batir, kuma gara haka, don batir shi ne kayan da zafin Adar ke fara kashewa.

A fara da lissafin ruwa. Albasar Galmi a lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Janairu, tana neman kamar lita 6 a kowane murabba'in mita a yini. Kwatar eka murabba'in mita 2,500 ce, ke nan lita 15,000, wato tano 75 mai cin lita 200. Idan Maris ya shigo iska ta yi zafi, buƙatar takan haura zuwa tano 100. Rana mai ƙarfin juya pompo sosai kuwa ba ta wuce awa 6, daga wajen ƙarfe 9 da rabi zuwa 3 da rabi. To pompon da zai ishi wannan garka sai ya cika tano guda cikin ƙasa da minti 5 a lokacin sanyi, wajen minti 3 da rabi a Maris, a zurfin rijiyarka, ba a bakin shago ba.

Nan ne kwali ke ruɗin mutane. Za ka ga an rubuta yawan ruwa a awa, an kuma rubuta iyakar tsawon da pompon ke turawa. Lambobin biyu ba sa haɗuwa a lokaci guda. Yawan ruwan nan sai idan babu hawa ko kaɗan, iyakar tsawon kuma a nan ne ruwan ke tsayawa cak. Ka ce wa mai shago ya nuna maka jadawalin da ke cikin takardar pompon, ka duba lita nawa yake bayarwa a mita 10, a mita 15, a mita 20. Wanda ba shi da wannan takarda, a bar masa kayansa. Tsawon da za ka duba kuma ba inda ruwa ke kwance da safe ba ne. Ka ja ruwa da injin esansi na awa guda, sannan ka sake aunawa da igiya mai dutse a baki, ka ƙara tsayin inda ruwan zai zuba, ka ƙara mita biyu ko uku saboda gogar tiyo.

Pompon iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba: yana tura ruwa sama sosai ko da rana ba ta yi ƙarfi ba, amma ruwansa kaɗan ne, kuma yashi abokin gabarsa ne. A ƴan watanni yashi zai cinye robar, ka ji mota na juyawa amma ruwa na zuwa kamar na buta. Akwai kuma mai farfela a jere, wanda ke ba da ruwa da yawa a rijiya marar zurfi, ya kuma fi jure ɗan yashi. Ga fadamun Tarka da Majiya, inda ake samun ruwa kusa kuma foraj ɗin hannu ne cikin rairayi, mai farfela ya fi dacewa. A duba faɗi ma: pompo mai inci 3 yana shiga bututun foraj na milimita 110, mai inci 4 kan matse ko ya ƙi shiga.

Wajen kafawa, a rataye pompon da igiyar roba mai ƙarfi, kada nauyinsa ya hau kan waya. Ya zauna aƙalla mita guda sama da gindin rijiya don kada ya shaƙi laka. Mahaɗar waya da ke cikin ruwa a rufe ta da abin rufewa na musamman da ke zuwa da kayan, don salatif kaɗai ruwa zai ratsa shi. Ƙarfin panno ya ɗara na pompo da kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi: pompo mai wat 400 a ba shi panno biyu masu wat 300. Idan an jera panno a layi guda, bolt ɗinsu haɗuwa yake yi, saboda haka a karanta iyakar da aka rubuta a jikin akwati kafin a ƙara na uku, in ba haka ba akwatin ya ƙone nan take. Panno su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 15. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a kan panno guda tana rage ƙarfin layin duka. Lokacin hunturu ƙura na kwanciya a kansu, sai a goge da tsumma mai laushi da ruwa da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Na'urar ƙarewar ruwa kuwa, wasu masu haɗawa kan cire ta wai tana yawan tsayar da aiki. Kada a yarda. Tsayawar tana nufin rijiyar ba ta kawo ruwa da saurin da ake jan sa, kuma pompon da ya yi ta juyawa a bushe ba ya daɗewa.

Babban raunin pompon shi ne ya fi ƙarfi da tsakar rana, lokacin da ban ruwa ya fi asara. Maganinsa basan na siminti a wuri mafi tudu a garka. Mai tsawon mita 3, faɗi 2, zurfi 1 yana ɗaukar tano 30. Ya cika da rana, a saki ruwan da la'asar ko da safe. Idan an haɗa da bututun da ake binnewa, wanda ake kira kaliforniya, ruwan da hanyar ƙasa ke shanyewa kafin ya kai fangali zai ragu ƙwarai.

Akwai abin da ya fi damunmu. Mai injin esansi yana kashe inji da zarar fangali ya cika, don yana jin kuɗinsa na ƙonewa. Mai sola ba abin da ke tsikarinsa, sai ya bar ruwa na kwarara tun hantsi. Ruwan nan na ƙarƙashin fadama damina ce ke zuba shi, damina kuma a yankin Tawa ba ta da tabbas: shekara ta zo da fari, wata ta zo da ambaliya irin ta 2024, ruwan ya wuce a guje ba tare da ya nutse ba. Idan garka ɗari a kwari guda suka yi ta ja babu awo, rijiyar maƙwabcin da ba shi da halin ƙara zurfi ita za ta fara ƙafewa. Albasar ma ba ta son haka. Wadda aka cika wa ruwa, ba a kuma yanke mata shi kamar kwana 10 zuwa 15 kafin cira ba, ruɓewa take yi a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, tun kafin farashi ya tashi. Ayyukan tare ruwa irin waɗanda aka soma a Keita a 1984, da jeren duwatsu a gangare, da ramukan tare ruwan sama na tassa da na rabin wata, da ƙananan madatsai a ƙoramu, su ne ke maido wa fadama abin da pompo ya ɗiba. Ƙungiyar masu garka da ta shiga sola ya kamata ta riƙa auna zurfin ruwa a rijiya guda kowane farkon wata, ta rubuta a littafi.

Wanda ke da eka biyu ko fiye, ko mai ban ruwan dare, ƙaramin pompon nan ba zai ishe shi ba, ya ajiye injinsa don ranakun hazo. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai shago ko yana da akwati da robar ciki na canji, a kuma sa ya rubuta tsawon garanti a kan rasit.