Horon agaji ko na ɗorewa: wanne ya fi wa ɗalibar injiniya da ke aji huɗu?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama. Kin ce kina aji huɗu a sashen injiniyan ruwa da muhalli, SIWES, wato horon aikin masana'antu da jami'a ke tura ɗalibai, na ƙaratowa, kuma talla biyu ne a gabanki: ɗaya na neman sanin makamar aiki a wata hukumar agaji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya kuma na IAESTE, ƙungiyar musayar ɗaliban fasaha ta duniya, a ƙasar waje, kan ruwa da wutar sola. Duka biyun sun ce ana biya. Kina son sanin inda za ki sa ƙarfinki.

Mu fara da wannan kalma ta "ana biya", domin a nan ake yawan yin tuntuɓe. Majalisar Ɗinkin Duniya ba gida ɗaya ba ce, kowace hukuma da dokarta. Babbar sakatariyarta, wato ofisoshin New York da Jeniba da makamantansu, ba ta ba ɗan horo ko kwabo. A 2015 wani matashi ɗan ƙasar Niyu Zilan ya kafa tanti a bakin tafkin Jeniba yana kwana a ciki, yana zuwa ofis da safe cikin kwat, labarin ya zagaye duniya. Wasu hukumomin kuwa suna biya: UNDP, hukumar raya ƙasashe, ta fara biyan alawus a 2020, UNICEF tana biya duk wata, WFP, hukumar abinci, kuma tana biya gwargwadon tsadar garin da aka tura mutum, iyakarsa dala 1,000 a wata. Kada wannan dubun ta ruɗe ki. Rufi ne, ba abin da kowa ke karɓa ba, kuma wanda ke Abuja ko Maiduguri ba zai ga abin da na hedikwatarta da ke Rum ke gani ba. WFP ɗin kuma tana mayar da kuɗin tikitin jirgi ga ɗan ƙasa mai tasowa da ke karatu a ƙasarsa.

IAESTE kuwa tsarinta daban ne tun daga tushe. An kafa ta a 1948 a kwalejin Imperial da ke Landan, da ƙasashen Turai goma, yau tana aiki a ƙasashe sama da 80, Najeriya da Ghana duk suna da kwamitinsu. Ita ba ta biyan kowa. Kamfanin ko jami'ar da ta ɗauke ki ita ke ba ki abin da zai ishe ki haya da abinci da kuɗin mota, ɗaliban kwamitin can kuma su taimaka miki da masauki da takardun biza. Tikitin jirgi, kuɗin biza, inshorar lafiya da kuɗin rajista, duk daga aljihunki. To ki lissafa tikitin Kano ko Abuja zuwa Turai da dawowa a farashin naira na yanzu kafin ki yi wa Baba albishir. Na san gidajen da wannan lissafi kaɗai ya kashe maganar, kuma babu abin kunya a ciki.

Wani abu da tallan ba zai gaya miki ba: IAESTE musaya ce. A watan Janairun kowace shekara wakilan ƙasashe ke haɗuwa, kowa ya zo da guraben da ya samo daga kamfanonin ƙasarsa, a yi ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Yawan ɗaliban da za su fita daga Najeriya yana rataye ne da yawan baƙin da kamfanonin Najeriya suka yarda su karɓa. Shi ya sa guraben ba su da yawa, kuma wanda ya shiga kwamitin jami'arsu da wuri yana taya aiki ya fi wanda ya faɗo ranar rufe rajista.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, wato aikin kansa. Injiniyan agaji da injiniyan ɗorewa makaranta ɗaya suka yi, amma tambayar da ke kwana a ransu ba ɗaya ba ce.

Na agaji tambayarsa ita ce: mutum nawa, kwana nawa gare ni? Ki tuna Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye rabin Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Cikin dare ɗaya dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, ruwan rijiya ya gauraya da na masai. A irin wannan rana ba a zama zanen da zai ci wata uku. Akwai littafin ƙa'idoji na Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji suka fara haɗawa a 1997, kuma alƙalumansa ne ma'aikaci ke riƙewa a ka kamar jadawalin sau: aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, wurin ɗiban ruwa kada ya wuce mita 500 daga matsuguni, layi kada ya kai rabin awa, kan famfo ɗaya ga mutum 250, tuƙa-tuƙa ɗaya ga mutum 500, bandaki ɗaya ga mutum 20, ko 50 a farkon tashin hankali. Ramin masai ya nisanci rijiya da mita 30. Kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ya rage a ruwa a bakin famfo ya kasance tsakanin 0.2 da 0.5 na miligiram a lita, don kwalara ba ta jiran a gama taro. Tankar ruwa tana da tsada ƙwarai, kowa ya sani, amma ita za a kira, domin yaro ba zai jira a haƙa burtsatse ba.

Na ɗorewa kuwa tambayarsa: bayan shekara goma, wa zai gyara, da kuɗin wa? Ga misali. Ƙauye mai mutum 2,000, kowa lita 20, lita 40,000 ke nan a rana. Famfon sola yana samun rana mai ƙarfi ta kamar awa biyar zuwa shida, don haka sai ya ɗaga kusan lita 7,000 zuwa 8,000 a awa. A takarda lissafi ya fita. Amma Kano da Zariya a kan dutse suke zaune, ruwan ƙasa a tsaguwar dutse da ruɓaɓɓen samansa yake maƙalewa, burtsatse da yawa ba sa iya ba da rabin wannan. Maiduguri kuwa tana kan kwarin Chadi mai shimfiɗun yashi hawa uku masu riƙe ruwa, labarin ya bambanta. Idan aka sa babban famfo a rijiya mai ƙaramin ƙarfi ba tare da an yi gwajin jan ruwa ba, zai zuƙe ta, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Ni kaina na taɓa tsayawa a gindin wani tanki sabo fil, fenti bai ko dushe ba, allunan sola suna ta ƙyalli, mata kuwa sun koma rafi da jarkoki. Ɗan kwangilar ya tsallake gwajin, ya karɓi kuɗinsa. Ba wanda ya koya wa mutanen garin ko wanke ƙurar hunturu daga kan allunan, balle a yi maganar asusun gyara. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga irin wannan tanki, wasu har tsuntsaye sun yi sheƙa a kai.

To a ina ɗan horo yake tsayawa cikin waɗannan biyun? A nan ne suna yake yaudara. A hukumar agaji, da wuya a ɗora ɗalibi a helikwaftan UNHAS, sashen jiragen agaji na Majalisar, zuwa Bama ko Dikwa ko Ngala. Dalilin a fili yake: a Maris 2018 an kashe ma'aikatan agaji a harin Rann, kuma babu shugaban ofis da zai so ɗaukar alhakin ɗalibi a irin waɗannan wurare. Wurinki tebur ne. Za ki tattara alƙaluman da ƙungiyoyin da ke fili suka aiko, ki zuba a Excel, ki yi taswirar rijiyoyi, ki rubuta bayanin taro, wata rana a ba ki lissafin kayan gini ki duba. Ban raina wannan ba. A nan za ki ga yadda kuɗi ke tafiya daga mai bayarwa zuwa bakin famfo, ki koyi rubuta rahoton da ake karantawa, ki san mutane. Amma kina iya gama wata shida ba ki taɓa riƙe mitar auna wuta ba. Su ma hukumomin ba su cika haƙa rijiya da hannunsu ba, ƙungiyoyin abokan hulɗa da 'yan kwangila ke yi. MSF, ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, da ke aikin hannu sosai, shekara biyu na gogewa take nema kafin ta tura mutum aiki wata ƙasa.

A IAESTE ɗakin gwaji ko masana'anta za a kai ki, ƙarƙashin injiniya ɗaya da zai riƙa duba aikinki. Kina iya shafe makonni kina auna yadda zafi ke rage ƙarfin allon sola, ko kina gwada matatar ruwa. Aikin ƙarami ne, ba wanda zai ce kin ceci rai, amma hannunki ne a kai. Raunin shi ne ba duk gurbin IAESTE ne ya shafi ɗorewa ba, kuma abin da kika koya a ɗakin gwaji mai wuta awa 24 sai kin sake masa tunani idan kika dawo inda inbata ke kuka da la'asar. Ki karanta bayanin aikin layi-layi, kada sunan ƙasar ya ɗauke miki hankali.

Maganar lokaci gajeruwa ce amma tana iya rushe komai. SIWES wata shida ne. Horon UNICEF yana kaiwa daga mako 6 zuwa 26, na WFP daga wata biyu zuwa takwas, don haka suna iya cike shi. Yawancin guraben IAESTE mako 8 zuwa 12 ne a bazarar Turai, ko da yake akwai masu kaiwa shekara. Kalandar jami'o'inmu kuma tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kowace da inda ta dosa. Idan mako 12 kika samu, sai kin nemi inda za ki cike sauran a gida.

Ki kuma sani kasuwar agaji ta yi sanyi. Tun da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025 hukumomi suka shiga rage ma'aikata da rufe ayyuka, har a arewa maso gabas. Ɓangaren sola kuwa kuɗi ke shigowa: a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, REA. Ita REA ɗin ce ta gina tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, kuma a cikin shirin nata na jami'o'i ta riƙa ɗaukar ɗalibai mata 20 a kowace jami'a suna koyon aiki a wurin ginin. Tunda ke mace ce, ki tambaya a tsangayarku ko shirin ya iso ku.

Akwai na uku da ba ki ambata ba, wanda yake tsakanin biyun: shirin Engineering for Change, ƙungiyar da manyan ƙungiyoyin injiniyoyi ASME da IEEE da Injiniyoyi Marasa Iyaka na Amurka suka kafa a 2009. Daga gida ake yi ta intanet, na 'yan watanni, ana biyan alawus, babu biza babu tikiti. Sun fi karkata ga waɗanda suka kusa gamawa, masu digiri na biyu da sababbin ma'aikata, don haka ki ajiye shi a rai zuwa baɗi. Shi kuwa shirin horo na RISE na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, da ake ta yaɗawa a WhatsApp, na ɗaliban jami'o'in Amurka da Kanada da Birtaniya da Ireland ne, kada ki ɓata datarki.

In ni ce a matsayinki, kuma gida za su iya tikitin ba tare da an sayar da gona ba, IAESTE zan bi yanzu. Dalilina ba wai ta fi daraja ba ne. Damarta galibi ta ɗalibai ce, tana tafiya tare da katin makaranta, alhali UNICEF tana karɓar mutum har shekara biyu bayan ya gama. Kuma wadda ta zo ofishin agaji ta riga ta san yadda famfo ke ƙonewa, idan ɗan kwangila ya kawo rahoton gwajin rijiya na ƙarya za ta gane, ba za ta zuba shi a Excel kawai ba. In tikitin ya gagara, ban ga laifin kamfanin sola ko na haƙar burtsatse a Kaduna ko Kano ba, ko da abin da za su ba ki bai wuce kuɗin Keke Napep ba, sannan ki nemi na agajin bayan bautar ƙasa. Sai dai in zuciyarki ta riga ta tsaya a kan aikin agaji kuma gurbin da kika gani a sashen ruwa da tsafta yake, da injiniya a kanki. Wannan kam ki nema, amma a wurin ganawa ki tambaye su kai tsaye sau nawa za ki fita fili.

Hattara da abu ɗaya: Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki na ɗaukar mutum. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ɗan damfara ne. IAESTE tana da kuɗin rajista na gaskiya, amma ga kwamitin ƙasa ake biya, ba asusun wani mutum ba.

Kafin ki cike ko ɗaya, ki je wurin kodinetan SIWES na sashenku da bayanin aikin a hannu, ki tambaye shi ko za su amince da wurin, da kuma wanda zai sa hannu a littafin logbuk ɗinki, domin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, da jami'a sa hannun suke dubawa. In ba ki da fasfo, ki fara nemansa a wannan makon.